Na yi nutso da tukunyar iska a Zanzibar, iya ruwan da na koya a Wudil ne ya so ya cuce ni

Abban Hanif: Assalamu alaikum. Masu damuna da waya kan hoton nan da na sa ina sanye da baƙar rigar roba kamar ɗan fashi, ga bayanin sau ɗaya kowa ya huta. Ni da uwargida muka je Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, kwana bakwai. Daga Kano muka tashi muka yi zango a Adis Ababa, daga nan sai filin jirgin Abeid Amani Karume. Masaukinmu a Nungwi yake, can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota. Niyyata in kwanta in ci kifi in yi barci. Kwana biyu sai zaman ya ishe ni. A gefen otal ɗin akwai masu koyar da nutso, na leƙa don kallo kawai, aka ce ko ban taɓa yi ba za a iya shiga da ni. Na ce musu ni ɗan Wudil ne, a ruwa aka yaye ni. Malamin, wani Baswahile siriri mai furfura a gemu, ya yi murmushi ya ce irinku ne kuka fi ba ni wahala. A lokacin na ji haushi. Washegari na gane.

Bazazzage: Ikon Allah. Bakano ya ga ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ka tabbata ba ka tambaye su nawa za su sayar maka da jarka ɗaya ba?

Abban Hanif: Bawa, bari manya su gama magana. Da farko a wurin wankan otal aka fara, ruwa iya ƙirji. Aka sa min rigar roba, aka ɗaura min ɗamarar dalma a ƙugu, da wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta, da tukunyar a baya, nauyi kamar ka goya yaro ɗan shekara biyar. Sai gilashin fuska da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Abin da ake cusawa a baki, wanda ta shi kake shaƙar iskar tukunyar, shi ne ran naka. Dokar farko da ya maimaita ta fi sau goma: kada ka riƙe numfashi, ko na daƙiƙa biyu. To ni kuwa tun ina ɗan shekara bakwai abin da jikina ya sani shi ne in kai ya shiga ruwa a cika ƙirji a rufe baki. Muna sauka sai in ga ya daki ƙirjinsa yana nuna min kumfa, ashe na sake riƙewa ban sani ba. Uwargida da ko kududdufi ba ta taɓa shiga ba, ita lafiya lau take shaƙa tana fitarwa, don ba ta da tsohon karatun da za ta goge.

Kawu Sale: Wa alaikumussalam. Yaro, ni dai tambayata ɗaya. Me ka ajiye a ƙarƙashin tekun? Mutum da iyalinsa da ƙananan yara, ya ɗauki kuɗi a wannan marra da buhun shinkafa ya gagari mutane, ya biya a nutsar da shi. An hana mu jefa kanmu ga halaka, an kuma hana almubazzaranci. Kai ka haɗa biyun a tafiya ɗaya.

Abban Hanif: Allah ya ƙara girma, Kawu. Na karɓi faɗan. Amma a bar ni in ƙarasa, sai a yanke min hukunci gaba ɗaya.

Rana ta biyu aka ɗauke mu a kwalekwale mai inji zuwa Mnemba, wani ɗan ƙaramin tsibiri a arewa maso gabas. Ba a yarda ka taka tsibirin ba, na masu otal ɗin da ke kai ne, amma ruwan da ke kewaye da shi kowa na zuwa in ya biya kuɗin shiga. Sabon shiga irina ba ya wuce mita 12. Muka bi igiya muna sauka a hankali. Mita biyu uku sai kunnena ya fara zafi kamar ana tura tsinke. Abin da aka koya mana shi ne ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji kunnen ya yi ɗas, kuma tun kafin zafin ya zo ake yi. Da muka kai ƙasa, wallahi Kawu, ban san yadda zan faɗa ba. Shiru, ba ka jin komai sai numfashinka da wani ƙas-ƙas kamar ana toya mai, wai ƙananan halittu ne ke yinsa. Kifi rawaya sun fi ɗari sun tsaya wuri guda kamar an yi musu sahu, na matso suka buɗe min hanya suka rufe a bayana. Wata kififiya mai girman faifai biyu tana gutsurar wani abu a jikin dutse, ta ɗago ta dube ni da idon tsohuwar da aka katse wa hira, ta ci gaba da abinta. Minti arba'in muka yi, na ɗauka goma ne.

Maman Ilham: Tsakani da Allah jikina har ya yi yarr. Amma iskar tukunyar ba ta ƙarewa? Oksijin ne irin na asibiti?

Injiniya Bash: Hajiya, ba oksijin zalla ba ne, kuma mutane da yawa haka suke zato. Iskar nan ce da muke shaƙa, kashi 21 oksijin, kusan 78 naitirojin, an tace ta an danna a tukunya har matsin ya kai 200 a ma'aunin da ake kira bar. Oksijin zalla ma guba ne in an yi zurfi da shi. Ni ina da shedar matakin farko, a Masar na yi lokacin da nake aiki can. Lissafin mai sauƙi ne. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, haka ma shan iskarka yake ninkawa. Shi ya sa akwai agogo a jikin tukunyar, kana dubawa, in ya kusa 50 an gama, sai sama.

Kuma ga dalilin da malamin ya takura wa Abban Hanif. Mai nutson gargajiya a sama yake cika huhunsa, ya sauka iskar ta matse, ya hau ta koma yadda take, ba abin da ya ƙaru. Mai tukunya kuwa a ƙasa yake cika huhu da iskar da take a matse. In ya riƙe ta ya taso daga mita 10, kafin ya iso sama ta zama ninki biyu. Ku tuna balan-balan ɗin yara in an matsa masa hura. Ba sai mita 10 ba ma, 'yan mitoci kaɗan sun isa su yi ɓarna.

Ɗan Sarkawa: To ni nan nake da ja. A Yawuri na tashi, kakana ya yi su a Neja tun kafin a datse Kainji a 1968. Mutanenmu suna shiga ƙarƙashin ruwa su ciro kifi da hannu, su kwance tarun da ya maƙale a itace, ba tukunya ba gilashi, kuma ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani. Ku je Argungu ku ga yadda ake yi a Matan Fada. Yanzu a ce wai iyawarsu ce matsala? Ni ina ganin Bature ne kawai ya mayar da abu kasuwa, ya ɗora masa kaya da takarda don a biya.

Abban Hanif: Ɗan uwa, ba wanda ya raina su. Ni da na san ruwan Wudil da damina, na san wanda ya shiga ya fito da kifi namiji ne. Can ma masuntansu haka suke shiga ba tukunya, suna kamo wata halitta mai hannu takwas da suke kira pweza. Malamin nawa ma ɗan masunta ne, ya ce shi kansa sai da ya sha fama kafin ya bar riƙe numfashi. Sana'a biyu ce daban da suka haɗa ruwa kawai. Mai doki gwani ne, amma in ya hau babur ya ja linzami zai sha ƙasa.

Ɗan Sarkawa: Wannan misalin ya shige ni, amma ban janye maganar kasuwa ba.

Injiniya Bash: Kasuwa kam akwai ta, ba musu. Na'urar shaƙar iskar ma ba ta daɗe ba, a 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka haɗa ta. Ƙungiyar PADI mai ba da shedar nutso, da yawancin shagunan ke aiki da tsarinta, a 1966 aka kafa ta a Amurka, kuma kuɗi take nema kamar kowa. Sai dai takardar ba ado ba ce. Kwas ɗin farko kwana uku zuwa huɗu ne, sai ka yi iyo na mita 200, ka tsaya a saman ruwa minti 10, ka shiga teku sau huɗu da malami, sannan a yarda ka kai mita 18. Abin da ake koya maka rabinsa yadda za ka yi ne in abu ya ɓaci: ruwa ya cika gilashi, abin baki ya fita, iska ta ƙare ka nemi ta abokinka.

Likita Sadiya: Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki tunda an zo fagena. Kawu, ina kwana. Maganarka ta halaka ba a banza take ba, akwai waɗanda a kansu ta dace sarai. Na farko masu sikila. Wanda yake SS kada ma ya fara, sanyi da rashin ruwa a jiki da wahala su ne ke tayar da ciwon, a ƙarƙashin teku kuwa duk sun haɗu. Mai AS ya ga likita tukuna. Ina nanata wannan ne saboda mu abin ya fi shafa, kuma shagon da ya saba da Turawa ba lallai ya tuna ya tambaye ka ba. Sai mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya, da mai juna biyu. Ko mura kake yi ka haƙura, kunne ba zai buɗe ba, in ka matsa dodon kunne na iya fashewa. Takardar lafiyar da suke bayarwa a cike, don Allah a daina yi mata a'a a'a daga sama har ƙasa kamar fom ɗin banki.

Na biyu, naitirojin. Yayin da kake ƙasa yana narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso da sauri sai ya yi kumfa, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Ciwon gaɓoɓi, kasala, wani lokacin shanyewar jiki. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5. Kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 12 bayan shiga ɗaya, awa 18 in an yi ta shiga. Yawanci ma cewa muke a bar kwana guda cur.

Abban Hanif: Likita, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Da abin ya yi min daɗi na so in ƙara. Shagon farko sun cika, na je wani na daban a bakin ruwa, ba zan kama suna ba. Yaron da ke karɓar kuɗi ya rubuta ni shiga biyu ranar Alhamis da rana, alhali jirginmu asubahin Juma'a ne. Bai tambaye ni yaushe zan tafi ba, takardar lafiya ma cewa ya yi in sa hannu kawai. Da yamma na haɗu da malamina na farko a masallaci bayan Magariba, ina ba shi labari da murna, sai ya tsaya ya ƙirga awannin da yatsa ya ce kada in kuskura. Na koma neman kuɗina, rabi suka ba ni bayan doguwar magana.

Kawu Sale: Ka ji ko. Da ba ka je masallacin ba fa?

Abban Hanif: Da sai yadda Allah ya yi, Kawu. Wannan kam ba ni da bakin magana.

Malam Nura: Kawu, da izininka. Ni ina ganin a raba abu biyu. Teku ba wurin da aka hana mu ba ne. A Suratun Nahli an ambaci hore mana shi don mu ci nama sabo mu fitar da abin ado, a Suratur Rahman an ambaci lu'ulu'u da murjani. To wa ke fito da su in ba mai nutso ba? Larabawan Bahrain da Kuwait da nutson lu'ulu'u suka rayu kafin fetur. Abin dubawa shi ne ganganci. Wanda ya koya, ya bi ƙa'ida, lafiyarsa ƙalau, ba za a ce ya jefa kansa ba. Hanyar Kano zuwa Zariya da daddare a motar haya mai mutum biyu a gaba ma ai muna binta. Batun kuɗi kuwa tsakaninsa da aljihunsa ne, in ya sauke haƙƙin da ke kansa.

Kawu Sale: Malam, su masu lu'ulu'u abinci suke nema. Shi wannan kallon kifi ya je.

Hajiya Turai: Ni murjanin nan ne ya tsaya min. Wai murjanin da kakanninmu ke sawa a wuya, shi ne duwatsun da ke hoton?

Injiniya Bash: Dangi ne, Hajiya, amma ba shi ba ne. Jan da ake yin tsakiya da shi ya fi fitowa daga Bahar Rum. Kuma ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai suke gina shi a hankali, wani irin a shekara bai fi faɗin yatsa yake ƙaruwa ba. In ruwa ya yi zafi fiye da kima sai ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. A 1998 tekun Indiya ya yi babbar asara ta haka, an sake yi a 2016. Wani abin mamaki, ja shi ne launin da ke fara ɓacewa in kana sauka. In ka yanke a mita 15 jininka kore-kore za ka gan shi.

Abban Hanif: Na ga wuraren da ya mutu, tari guda kamar ƙasusuwa. Kuma gaskiya jiragen da ke Mnemba sun yi yawa. Da aka hango dolfin, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, sai ka ga kwalekwale kusan goma sun bi su a guje, mutane na faɗawa ruwa a kansu. Wannan bai yi min ba ko kaɗan.

Maman Ilham: To mu mata fa? Rigar nan ai ta kama jiki. Kuma wa zai riƙe ni a ruwan, namiji?

Maman Hanif: Assalamu alaikum, tunda an zo kaina bari in fito. Maman Ilham, rigar tana rufe jiki daga wuya har idon sawu amma tana kamawa, gaskiya ne. Ni doguwar riga mara nauyi na ɗora a kai iya gwiwa, da hular wanka mai rufe wuya. Babban hijabi kam ba zai yiwu ba, zai naɗe bututun. A cikin jirgi na yafa zane har sai da za mu shiga. Tun a shago na ce mace nake so, aka ce sai jibi, na ce zan jira. Mutanen garin Musulmi ne, matansu da lulluɓinsu, ba wanda ya yi min kallon baƙuwar halitta. Bakin ruwan otal ne dai sai kawar da kai, Turawa da shigarsu, ga giya. In za ku je ku nemi masaukin da ba ya sayar da ita, akwai su.

Kuma tunda Abban Hanif bai faɗa ba ni zan faɗa. An ce babban yatsa sama yana nufin a hau, lafiya lau kuwa sai ka haɗa babban yatsa da manuni. Shi da ya ga kififiyar nan sai ya ɗaga wa malamin babban yatsa har biyu. Saura kaɗan a fito da shi.

Bazazzage: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ɗan Wudil da aka yaye a ruwa! A ci gaba da tona mana.

Maman Hanif: Har da amai a jirgi, amma wannan na rufa masa asiri.

Abban Hanif: Za mu haɗu a gida.

Sani Maraɗi: Ina gaisuwa daga Nijar. Ni maganar hanya nake so. Wane lokaci ya fi, kuma me ake buƙata?

Abban Hanif: Sannu Malam Sani. Ka guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwansu ne, masika suke ce masa. Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, Disamba zuwa Fabrairu zafi. Mu masu fasfon Najeriya bizarmu ta Tanzaniya sai an nema tun daga gida an jira amincewa, ba a ba mu a filin jirgi, don haka kada a sayi tikiti sai ta fito. Kai ka bincika yadda naku yake. Katin rigakafin shawara dole ne. A Oktoban 2024 kuma suka sa inshorar dole ga baƙi, dala 44 ga babban mutum a lokacin. Ka tambayi shagon nutson ko suna da oksijin na gaggawa a jirgi, in suka fara kame-kame ka ƙara gaba. Sai agogonsu: daga fitowar rana suke ƙirgawa, in mai jirgi ya ce saa mbili, wato ƙarfe biyu, takwas na safe yake nufi. Ka ware kwana ɗaya na Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ka ci abincin dare a Forodhani, dandalin da ke bakin teku, ka sayo kanumfari. In suna magana za ka riƙa tsintar namu a ciki, dunia, Alhamisi, sabuni, habari.

Likita Sadiya: Ƙari ɗaya, kada a haɗa shi da azumi. Rashin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan.

Ɗan Sarkawa: Injiniya, tambaya tsakani da Allah. In na zo da iyawata, kwana nawa zan yi in karɓi takardar?

Injiniya Bash: Kwana huɗu kamar kowa. Iyon mita 200 kam za ka ba su kunya. Sauran sai yadda ka saurari malami.

Kawu Sale: Ni dai har yanzu ban ga abin da aka je ɗaukowa ba. Amma kai Abban Hanif, kanumfarin nan da ka ambata, ka kawo da yawa?

Abban Hanif: Kilo biyu, Kawu, da kirfa. Hanif zai kawo maka naka gobe bayan La'asar.

Kawu Sale: To madalla. Ka haɗo shi da wayar taka in ga kififiyar.